Podkas: a sayi kaya a haɗa a gida, ko a biya ƙwararre?

Dan_Fagge
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ga masana harkar sauti. Shiri ne na mako-mako a kan kasuwanci, masu gabatarwa biyu da baƙo ɗaya, tsawonsa kamar minti 40, murya zalla, babu bidiyo tukuna. Kuɗin da ke ƙasa ba zai wuce ɗayan biyu ba: ko a sayi kayan aiki a koyi naɗa da tacewa, ko a riƙa biyan situdiyo duk mako na wasu watanni. Wanne ya fi? Don Allah duk mai ba da amsa ya haɗa da dalili.

Injiniya_Sauti
Wa alaikumus salam. Malam Dan_Fagge, ka haɗa aiki huɗu ne a tambaya ɗaya: naɗar murya, tace magana, gyaran sauti, da ɗorawa a intanet. Ba dole ba ne hannu ɗaya ya yi su duka, kuma ba dole ba ne a biya kuɗi a kan duka.

A cikin huɗun, naɗa ce kaɗai ba ta da gyara. In ɗaki ya yi amsa-kuwwa, ko murya ta fashe saboda an ƙure ƙarfin makirfo, duk wanda ka kai wa sai dai ya rage muni. Ga mutum uku, abin da ake buƙata shi ne rakoda mai kafar makirfo huɗu irin Zoom PodTrak P4, makirfo uku nau'in dainamik, wanda ake magana dab da shi (Behringer XM8500 in ana lallaɓa aljihu, Samson Q2U ko Rode PodMic in da hali), kebul na XLR uku (kebul ɗin makirfo mai haƙori uku), sandar makirfo uku, hedfon mai rufe kunne, da katin memori. Amfanin P4 a ƙasarmu shi ne batir AA biyu ko fawa-bank ya ishe shi, ba ruwansa da ɗauke wuta, kuma kowane makirfo a fayil ɗinsa daban yake ajiye shi. In baƙo ya yi tari lokacin da kake magana, layinsa kawai za a kashe.

Shawarata: ku sayi kayan, ku naɗa da kanku, sauran aikin a duba wanda za a bayar.

Bakatsine_01
Ban yarda ba, Injiniya. Ba makirfo situdiyo ke sayarwa ba, shiru yake sayarwa. A wace unguwa a cikin Kano ko Katsina za a samu minti 40 babu hon ɗin adaidaita sahu, babu janaretan maƙwabta, babu mai tallan ruwa? Ka sayi kaya mafi tsada, in ɗakin siminti ne da tayil, kamar daga cikin rijiya za a ji ka.

MaiTace
Bakatsine ya taɓo gaskiya, amma abu biyu ne ake rikitawa. Hana ƙarar waje shigowa daban, kashe amsa-kuwwar cikin ɗaki daban. Na farkon gini yake so: bango mai kauri, ƙofa mai nauyi da aka toshe ƙasanta, taga mai gilashi biyu. Wannan mai haya ba zai iya ba. Na biyun kuwa da kayan gida ake yin sa. A shimfiɗa kafet ko darduma mai kauri, a jingina katifa a bangon da ke bayan masu magana, a saki labule mai nauyi a taga, a rufe teburin da bargo. Gwajin mai sauƙi ne: tsaya a tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya. In ka ji wani zirin ƙara ya biyo bayan tafin, da sauran aiki.

Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya tsinana komai, sai tara ƙura da kyankyaso.

Sannan makirfo dainamik, in baki yana nesa da shi da kamar yatsa huɗu, murya tana rinjayar ɗaki sosai. Duk lokacin da nisan ya ninka, ƙarfin muryar da ke shiga yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), amma hayaniyar ɗakin tana nan yadda take. Shi ya sa baƙon da ya jingina da kujera yake fitowa da amsa-kuwwa alhali na kusa da shi tas yake. A karkata makirfon kaɗan zuwa gefen baki, don iskar "f" da "b" kada ta riƙa dukan sa. Tsakanin makirfo da makirfo kuma a bar aƙalla ninki uku na nisan baki da makirfo.

Bakatsine_01
To janareta fa? Bargo zai tare shi?

MaiTace
Ba zai tare ba. Lokaci ake zaɓa. Tsakanin ƙarfe 9 na safe da 12 na rana ya fi dare a yawancin unguwanni, don da dare ne kowa ke tayar da nasa. A kauce wa lokutan kiran salla, da azumi kuma a yi lissafin lasifikokin tafsiri. Da damina, in rufin kwano ne babu silin, da an ga hadari a ɗage naɗar kawai.

Auta_Gwammaja
Yayyena, wannan saitin da ake sayarwa a kasuwa, makirfo BM-800 da sawunkad V8 (ɗan akwatin haɗa sauti), ba zai yi ba? Shi ne kowa ke amfani da shi a TikTok kuma ba tsada.

Injiniya_Sauti
Ƙanena, ga shiri na mutum uku ba zai yi ba. BM-800 nau'in kwandensa ne, mai saurin kwasar ƙara, akan ajiye shi nesa da baki a ƙara masa ƙarfi, sai ya kwaso fanka da kukan akuya da motsin kujera. Shi kuma V8 komai yake haɗewa a layi ɗaya, ga shi da wata 'yar shuuu da ba ta rabuwa da shi. Don shirin kai tsaye na mutum ɗaya aka yi shi. Kuma kada wani ya ce zai sayi makirfo uku masu USB ya cusa a laftof ɗaya. Audacity, manhajar naɗa da tace sauti, daga na'ura ɗaya yake naɗa a lokaci guda, in ma an yi dabara an haɗa su, kowanne da agogonsa yake tafiya, kafin ƙarshen shiri muryoyin sun saɓa.

Yar_Zazzau
Kowa na maganar kaya, babu mai maganar lokaci, alhali shi ke kashe shirye-shirye. Sabon hannu yakan ci awa uku zuwa huɗu a kan tace awa ɗaya ta magana. Shirin minti 40 kuwa ba minti 40 ake naɗa ba, akan kai awa guda da gaisuwa da maimaici. Sai a ƙara awa ɗaya ta shirya ɗaki da gwada makirfo da kwashe fayil, awa ɗaya ta gyaran sauti da saurare na ƙarshe, wata awar ta rubuta bayanin shiri da yanko gutsattsarin da za a watsa a WhatsApp da Facebook. Awa shida zuwa bakwai ke nan duk mako, ban da neman baƙo da shirya tambayoyi, waɗanda su ne ainihin shirin.

Malam Dan_Fagge, ka tambayi kanka wa zai zauna wannan zaman a cikinku, kuma a wace rana. In amsar ita ce "za mu riƙa karɓa-karɓa", to ku nemi edita tun yanzu.

Lissafin kuɗin ma ba wuya. Ka raba kuɗin kaya da kuɗin zaman situdiyo ɗaya. Misali kawai: in kaya sun tashi naira 400,000, situdiyo kuma 25,000 a zama, a shiri na 16 kaya sun biya kansu. In ba ku da tabbacin za ku kai 16, kada ku saya.

Dan_Fagge
Hajiya, wannan lissafin ya shige ni. Ke nan a fara da situdiyo a ga ko shirin zai ɗore?

Yar_Zazzau
Eh, amma a dunƙule. Ku kama situdiyo yini guda ku naɗi shiri uku ko huɗu, ya fi araha a kan zuwa sau huɗu. Illarsa biyu ce: murya takan gaji daga na uku, a sha ruwa a huta minti 20 tsakani, kuma tunda kasuwanci ne, duk abin da ya shafi farashi zai iya tsufa kafin a sake shi. Ku naɗi hirar a dunƙule, gabatarwar minti biyu mai ɗauke da labarin mako kuma a naɗe ta ranar da za a saki shirin.

Sarkin_Miksa
Ku yi hattara da kalmar "situdiyo". Yawancin waɗanda ke garuruwanmu na waƙa ne da fassarar fim. Ɗakin naɗarsu na mutum ɗaya ne a tsaye, makirfo ɗaya kwandensa. In kun je ku uku sai a zaunar da ku a kewaye shi, kowa ya shiga layi ɗaya. Hannun mai miksa waƙa kuma ya saba da zuba amsa-kuwwa da matse murya da kwamfuresa har ta yi ƙyalli. A waƙar minti biyar daɗi ne, a hirar minti 40 kunne yake gajiyarwa.

Kafin a biya, a yi tambaya uku: makirfo nawa za ku ba mu, kowanne layinsa daban ne, kuma za ku ba mu ɗanyen fayil na WAV (sautin da ba a matse ba) mu tafi da shi? Wanda ya fi dacewa da wannan aiki shi ne mai haɗa shiri na gidan rediyo, don shi magana ce sana'arsa. Da yawansu suna karɓar aikin gefe.

Bakatsine_01
A nan kam na yarda da Sarki. Situdiyon da nake nufi na magana ne.

Malamar_Hausa
Bari in ƙara wani abu game da ba da tacewa. Akwai masu tura aiki ga editocin ƙasashen waje ta shafin Fiverr da makamantansa saboda an ce sun ƙware. Gyaran sauti za su iya, tace magana ba za su iya ba, don wanda bai ji Hausa ba da idonsa yake yanka, yana kallon zanen sautin. Korewa a Hausa kafa biyu gare ta. Baƙo ya ce "ba shi ne ya cinye kuɗin ba", ya ɗan yi jinkiri bayan "ba" ta farko, edita ya ɗauka in'ina ce ya share ta. Abin da zai fita ya koma zargi, kuma sunanku ne a kan shirin. Haka nan zai iya datse aya ko hadisi a tsakiya, ko ya cire salati yana ganin maimaici ne.

Ko Bahaushen edita sai ya kula da wani abu: muryar mai magana da Hausa sauka take yi a hankali daga farkon jimla zuwa ƙarshenta. In aka ɗinke farkon wata jimla da ƙarshen wata, kunne yana jin tsallen nan take. A yanka a inda aka ja numfashi, kuma a bar numfashin. Masu share kowane "to" da "ka gane" da "wato" suna mayar da hira karatun labarai. A rage wanda ya yi yawa kawai.

Saboda haka ni a ganina tace magana aikin masu shirin ne. In ba za su taɓa kwamfuta ba, aƙalla su saurara su rubuta: daga minti 12 da daƙiƙa 10 zuwa minti 13 da daƙiƙa 40 a cire. Edita ya bi takarda.

MaiTace
Malama ta gama magana. Ƙari ɗaya: manhajojin nan masu goge hayaniya da dannawa ɗaya, da masu cire ƙas-ƙas ɗin baki, in aka tsananta su sukan daƙushe "ƙ" da "ts" da "ɗ", saboda harufa ne masu ɗan fashewa, manhajar na iya ɗaukar su a matsayin datti. A gwada da jimla mai cike da su kafin a saki manhajar a kan shiri gaba ɗaya.

Auta_Gwammaja
To wanda ya ce shi zai yi gyaran sautin da kansa, ta ina zai fara?

Injiniya_Sauti
Tun daga naɗa. A saita ƙarfin kowane makirfo yadda magana ta yau da kullum za ta riƙa kai wa desibel -12 a ma'aunin rakoda, dariya kuma kada ta wuce -6. In ta taɓa 0 ta fashe. A sa kowa ya yi dariya a gwaji, don "ɗaya biyu, ɗaya biyu" a hankali ake faɗin sa, ba haka ake hira ba. A naɗi daƙiƙa 30 na shirun ɗaki kafin a fara. A WAV ake naɗa, MP3 sai a ƙarshe.

A Audacity, wanda kyauta ne, ga jerin:
1. Yanke duk abin da ke ƙasa da 80 Hz, wato sauti mafi kauri, a kowane layi, nan gurnanin mota da dukan tebur suke.
2. Rage hayaniya da samfurin shirun nan, desibel 6 zuwa 10. In aka wuce 12 murya takan koma ta cikin ruwa.
3. Tace magana, dukan layukan a tare, don kada su zame wa juna.
4. Kwamfuresa a 3:1, yana rage desibel 3 zuwa 6 a wuraren da aka ɗaga murya.
5. Daidaita ƙarfi zuwa -16 LUFS (ma'aunin ƙarfin shirin gaba ɗaya), ƙololuwa kada ta wuce -1. Wannan shi ne ma'aunin da Apple ya ba masu podkas.

Wanda ya ga na 4 da na 5 sun yi masa nauyi, shafin Auphonic yana yin su da kansa, kuma yana ba da awa biyu kyauta a wata. Shiri huɗu na minti 40 ya ɗan haura wannan, sai a biya na sauran ko a rage tsawo.

Akwai hanya ta tsakiya da ba a ambata ba: a biya ƙwararre sau ɗaya. Ya zo ɗakin da za ku riƙa naɗa, ya zaɓi kusurwa, ya saita makirfo, ya sa alama da salatif a kan maɓallan, ya ajiye muku tsarin gyaran a manhaja. Tunda ɗaki ɗaya ne, mutane ɗaya, makirfo ɗaya, saitin ba zai riƙa canzawa ba. Manhajar Reaper ta fi Audacity a wannan, lasisinta na ɗaiɗaikun mutane dala 60 ne, biya ɗaya.

Sarkin_Miksa
Saitin yana canzawa mana, Injiniya. Baƙo ai sabo ne duk mako. Wani kamar yana raɗa, wani kamar yana wa'azi a kasuwa.

Injiniya_Sauti
Maɓalli ɗaya ke nan, na baƙo. Wannan ba ya buƙatar injiniya.

Dan_Maradi
Gaisuwa daga Nijar. Ku tuna da mai saurare. Mutanenmu data ce damuwarsu, kuma mafi yawa ta WhatsApp shirin zai iske su, ba ta Apple ba. MP3 a 128 kbps (yawan data a kowace daƙiƙa), minti 40 kusan mega 38 ne. A 64 kbps layi ɗaya, wato mono, kusan mega 19 ne, kuma ga magana ba wanda zai ji bambanci a lasifikar waya. Ƙwararre da yawa in ba ka faɗa masa ba, 192 ko 320 zai fitar maka, don haka ya saba da waƙa. Ku faɗa masa tun farko. Kuma bayan an gama, a saurari shirin a ƙaramar waya a waje cikin hayaniya, ba a manyan lasifikokin situdiyo ba.

Ga masu tura ɗanyen fayil wa edita ma da lissafi. P4 yana naɗa a 44.1 kHz, 16 bit, kowane layi kusan mega 318 a awa. Layi uku ya kusa giga ɗaya duk mako. In edita a gari ɗaya kuke, filasha ta fi sauƙi. In ba haka ba a mayar da su nau'in fayil na FLAC, yana rage kusan rabi ba tare da ya taɓa ingancin ba. Kada a tura a matsayin saƙon murya, matse shi ake yi.

Lauya_Mai_Shayi
Wani abu da ya fi makirfo muhimmanci: wa ya mallaki shirin? Podkas a kan adireshin RSS yake rayuwa, wato adireshin da manhajojin saurare ke ɗauko shirin daga gare shi, kuma imel ɗin da aka buɗe shi da shi shi ne makulli. Spotify can yake tura lambar tabbatar da mallaka. In kun bar wanda kuka ɗauka aiki ya buɗe muku da imel ɗinsa, ranar da kuka saɓa ya tafi da masu saurarenku. Ku buɗe imel na shirin, ku buɗe masauki, wato shafin da ake ɗora shirin, da kanku, ko Spotify for Creators na kyauta ko na kuɗi irin Buzzsprout da Podbean. A YouTube akwai inda ake ba mutum izinin edita ba tare da an ba shi kalmar sirri ba. In za a sauya masauki nan gaba, da turawar 301 ake yi, wato karkatar da tsohon adireshi zuwa sabo, kuma mai asusun ne kaɗai zai iya.

A rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce: kuɗi a kan shiri ko a kan awa, kwana nawa za a dawo da aiki, gyara sau nawa kafin a ƙara kuɗi (biyu shi ne daidai), ɗanyen fayil da fayil ɗin aikin na masu shiri ne, kuma edita ba zai saki abin da aka yanke ba. Wannan na ƙarshen kada a raina shi. Baƙo yakan saki baki bayan ya ɗauka an kashe rakoda.

Kiɗan buɗe shiri kuma kada a tsinto waƙar wani mawaƙi. Najeriya na da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, YouTube ma na'urarsa tana gane waƙa ta karkatar da kuɗin talla ga mai ita. Zancen cewa daƙiƙa 10 ko 30 halas ne ba shi da tushe. Nan ne ya dace a biya mai kiɗa ya yi muku naku, a rubuta cewa ya sallama.

Kwalisa_TV
Ni dai ina ganin duk kun tsaya a baya. Wa ke sauraron murya zalla yanzu? A Arewa in aka ce podkas, kujeru biyu da kyamara ake nufi. In babu bidiyo babu gutsuren TikTok, babu YouTube, kuma can kuɗin yake.

Yar_Zazzau
Kuɗin YouTube na talla sai an kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata 12. Sabon shiri a kan kasuwanci zai fi saurin samun ɗan kasuwar da zai ɗauki nauyi kafin ya kai can. Kuma al'ummar da ta tashi da rediyo a kunne ba za a ce ba ta sauraron murya ba.

Sarkin_Miksa
Amma in har za a yi bidiyon, to nan ne nake cewa a ɗauki ƙwararre ba gardama. Aikin ninkuwa yake yi. Wutarmu 50 Hz ce, in aka ɗauka a firam 30 (hoto 30 a daƙiƙa) ƙarƙashin wasu fitilun sai hoto ya riƙa rawa da zane-zane. A firam 25 ake ɗauka, saurin shotar kyamara a 1/50 na daƙiƙa. Waya kuma ba ta riƙe adadin firam daidai, bayan minti 30 sai ka ga baki ya riga murya ko murya ta riga baki. Ga zafi: a watan Afrilu, fanka a kashe, fitila a kunne, waya takan yanke ɗauka da kanta. Masu bidiyo a 48 kHz suke aiki, wanda ya san zai koma bidiyo ya duba wannan kafin ya sayi rakoda.

Dan_Fagge
Bidiyo sai gaba in Allah ya yarda. Amma akwai abin da ban faɗa ba: yawancin baƙin 'yan kasuwa ne a Legas da Onitsha da Kwatano, ta waya za a same su. Wannan ya canza lissafin?

MaiTace
Ya canza sosai, kuma ya rage darajar situdiyo, don rabin shirin ba a cikinsa zai faru ba. P4 na da kafar haɗa waya da kebul na TRRS (mai baki irin na iyafis ɗin waya), kuma yana hana baƙo jin muryarsa tana dawo masa. Amma abin da zai shigo muryar kira ce, da yankewarta in sabis ya yi rauni.

Hanya mafi inganci ita ce naɗa ta ɓangare biyu. Ku yi kiran da waya ɗaya, baƙo ya sa iyafis. Ya ɗauki waya ta biyu ya buɗe rakodarta, ya ɗora ta a kan littattafai daidai haɓarsa, kamar taƙi ɗaya daga baki, a yanayin jirgin sama. Da farko ku ƙirga tare ku tafa, don a samu inda za a daidaita. Bayan an gama ya turo fayil ɗin a matsayin takarda, wato dokumen, ba saƙon murya ba. Ku ma ku naɗi kiran a gefenku, saboda wani zai manta bai danna ba, wani kuma sai an yi kwana uku ana bin sa. In layukan sun fara saɓawa a tsakiya, a yanka a wurin shiru a matsar.

Shafukan Riverside da Zencastr wannan aikin suke yi da kansu, amma suna son intanet mai ƙarfi wajen ɗora fayil, kuma baƙo ya jira har ya gama hawa kafin ya rufe.

Bakatsine_01
Ɗan kasuwar da ke tsakiyar kasuwar Alaba ta Legas za ka ce wa ya nemo waya ta biyu da littattafai? Allah ya ba da sa'a. Irin wannan fayil ɗin ne ma ya fi buƙatar hannun ƙwararre, ba na gida ba.

Injiniya_Sauti
A ce masa ya shiga mota ya rufe gilashi, inji a kashe. Kujeru da rufin mota suna shanye amsa-kuwwa fiye da yawancin ofisoshi. A inuwa, kuma a taƙaita.

Tunda an zo kan matsaloli, ga wadda ke sa mutane su ɗauka kayansu ne suka lalace: wani "zuuu" da ke ƙarƙashin murya. Yawanci daga caja ne. A cire laftof ko rakoda daga wuta a koma batir, in ya ɗauke an gano. Na wutar gwamnati a 50 Hz yake da 100 da 150, ana iya tsinke shi da ikwalaiza, mai rage wani ɓangare na sauti. Na ƙaramin janareta yawo yake yi da nauyin da aka ɗora masa, tsinke shi wahala ne. Inbata mai araha ma tana da nata. A naɗa a kan batir a huta. In kuma "tit-tit-tit" ne, wayar wani ce kusa da kebul.

Malamar_Hausa
Wajen ɗorawa: hoton shiri murabba'i ne, tsakanin 1400 da 3000 kowane gefe, rubutu manya don a waya kamar tambarin wasiƙa zai fito. Taken shiri a rubuta shi daidai da ƙ da ɗ da ɓ, amma a cikin bayani a maimaita muhimman kalmomin ba ƙugiya, don haka mutane ke bugawa in suna nema. Wannan ba aikin da za a biya wani ba ne, minti 15 ne.

Sarkin_Miksa
Gyara kaɗan ga Injiniya: -16 na sitiriyo ne, wato layi biyu na hagu da dama. In za a bi shawarar Dan_Maradi a fitar da mono, -19 ake sawa, don in aka kunna shi ta kunne biyu ƙarfinsa yakan yi daidai da -16 ɗin.

Injiniya_Sauti
Haka ne a ƙa'ida. Amma mai saurare a cikin adaidaita da ƙaramar waya ba zai yi ƙorafin ya yi ƙarfi ba. Da yawa suna barin mono a -16 saboda haka. Abin da ba a so shi ne wannan makon -19, mako mai zuwa -14.

Yar_Zazzau
Duk wanda za a ɗauka, a gwada shi kafin a ɗaure. A ba mutum biyu ko uku minti biyar iri ɗaya daga mafi munin abin da aka naɗa, a biya su kuɗin gwajin, a saurara ba tare da an san na wane ne ba.

Auta_Gwammaja
Injiniya, an ce jabun makirfo sun yi yawa, musamman Shure SM58. Yaya ake gane na gaske a shago, kuma XM8500 ɗin ma ana yin jabunsa?

Dan_Fagge
Ni ma ina jiran wannan amsar. Sannan MaiTace, in baƙon waya ɗaya gare shi, zai iya kira da naɗa a kanta lokaci guda?

MaiTace
Yawancin wayoyi ba sa bari, manhajar kira ce ke riƙe makirfon, rakoda sai ta naɗo shiru. Ya ari ta yaron shagonsa.